Kafin Ka Biya: Kwalbar Pinot Noir da Ruwan Inabin Biki

Rabin saƙonnin da suka taru a wannan makon a kan kwalba suke. Lokacin bukukuwa ya kama, iyayen amare na lissafin abin da za a jera a tebur, 'yan'uwanmu da ke aiki a ƙasashen waje kuma sun shiga kakar kyaututtukan ƙarshen shekara. Masu tambayar injin markaɗe da batirin sola ku yi haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya: Kawu, ina wuni. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Cape Town. Shugabar sashenmu ta raba mana kyautar ƙarshen shekara, ni ta ba ni kwalba cikin akwatin katako, an rubuta Pinot Noir, a ƙasa kuma Hemel-en-Aarde. Kunya ta hana ni cewa komai, na karɓa na yi godiya. Tun ranar tana ƙarƙashin gadona, hankalina ya ƙi kwanciya. Giya ce? In giya ce, zan iya sayarwa in yi sadaka da kuɗin, ko in ba maƙwabciyata wadda ba Musulma ba ce?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Ba ki aikata abin da zai hana ki barci ba. An miƙo miki abu a gaban jama'a, tarbiyyar gida ta hana ki mayar da hannun kyauta baya, shi ke nan abin da ya faru.

Giya ce, babu tantama. Juya kwalbar ki duba, za ki ga wata lamba da alamar kashi cikin ɗari a gefenta, yawanci tsakanin 13 da 14. Wannan shi ne yawan barasar da ke ciki. Pinot Noir sunan irin inabin ne, Hemel-en-Aarde kuma wani kwari ne a bayan garin Hermanus, tafiyar kamar kilomita 120 daga inda kike, kusa da teku ƙwarai. A 1975 ne wani mai suna Tim Hamilton Russell ya sayi fili a wurin, yana neman ƙasa mai sanyi da wannan inabin zai yarda ya zauna a cikinta, yanzu kuma kwarin na cikin wuraren da Afirka ta Kudu ke tinƙaho da su. Na faɗa miki wannan ne don ki san matar nan ba raina ki ta yi ba. Abin da ake ba mutumin da ake ganin girmansa a wajensu shi ta ba ki.

Batun sayarwa kuwa an riga an yanke shi tun tuni. A cikin Sahihu Muslim, wani mutum ya kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kyautar salkar giya bai san an haramta ta ba. Da aka sanar da shi sai ya yi wa na kusa da shi raɗa a je a sayar, sai aka gaya masa cewa wanda ya haramta shanta ya haramta sayar da ita. Mutumin ya kwance bakin salkar ta tsiyaye. Don haka kada ki nemi lada da kuɗinta, kada kuma ki miƙa wa maƙwabciya, don ke kika zama mai bayarwa ke nan.

Abin da na fi so ki yi shi ne ki mayar mata da ita, ku biyu kaɗai, ba a gaban ma'aikata ba. Ki ce kin ji daɗin tunawa da ke da ta yi, amma addininki bai yarda ki sha ko ki bayar ba, kuma ba kya son abu mai tsada irin wannan ya lalace a hannunki. Cape Town gari ne mai Musulmi tun ƙarnoni, masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap tun 1794 yake, saboda haka ba wani baƙon zance za ki kawo mata ba. In kin ga ba za ki iya fuskantarta ba, ki tsiyayar a magudanar wanke-wanke ki jefar da kwalbar. Amma ki sani in ba ki yi magana bana ba, baɗi ma wata kwalbar za ta zo.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni Kirista ne daga Kudancin Kaduna, ina aikin kai abinci a wani otal a Abuja. Muna da Pinot Noir iri biyu, ɗaya an rubuta California kawai, ɗaya Sonoma Coast, ta biyun kuma ta ninka ta farkon sau uku a kuɗi. Baƙi suna tambayata dalili sai in yi tsuru-tsuru. Kunya nake ji, kuma ina tsoron manaja ya ji.

Amsa: Ɗana, mai tambaya ba ya ɓata. Ni ba mashayi ba ne, ba kuma zan ce wa kowa ya sha ba, amma aikinka ne, gara ka san abin da kake ɗauka a tire.

Wannan inabin asalinsa yankin Burgundy ne a Faransa, kuma manomansa sun san shi da wuyar sha'ani. Fatarsa siririya ce, 'ya'yansa a cunkushe suke a jikin juna, ruwa kaɗan ya shiga tsakaninsu sai ruɓa ta kama. Yana toho da wuri, don haka sanyin ƙarshen hunturu kan ƙone masa sabon ganye. Yana kuma nuna da wuri. Nan ne zafi ke yi masa illa: a wuri mai zafi sukari kan cika shi cikin gaggawa, tsaminsa ya zube, ƙamshinsa bai gama haɗuwa ba. Abin da za a samu sai ya zama mai nauyi, mai yawan barasa, ba armashi. Abin da manomi ke nema shi ne 'ya'yan su daɗe a jikin kuranga suna nuna a hankali.

Teku ke ba shi wannan. A gaɓar arewacin Kalifoniya ruwan Tekun Fasifik sanyi ƙalau yake ko da tsakiyar bazararsu, saboda igiyar ruwa da ke gangarowa daga arewa da kuma ruwan ƙarƙashi da ke tasowa sama. Da rana ƙasa ta ɗauki zafi, iska mai ɗumi ta tashi, sai sanyin teku ya kwararo ya maye gurbinta, ya zo da hazo mai laima ya lulluɓe gonaki tun yamma har hantsi. Wasu gonakin ma a kan duwatsu suke, sun ɗara hazon tsawo, rana na dukan su amma iskar na da sanyi. Haka abin yake a kwarin Casablanca da Leyda a ƙasar Chile, inda igiyar ruwan teku da ake kira Humboldt ke kawo sanyi, haka kuma a Hermanus da na ambata a sama.

Sanyin nan ba kyauta ba ne. Iska da hazo lokacin fure kan sa fure da yawa su ƙi ɗaura 'ya'ya, gonar ta ba da kaɗan. Gangaren dutse ba ya shiguwa da inji, sai da hannu. Sabuwar kuranga sai ta shekara uku kafin a tsinki abin kirki. Sannan a zuba a gangar katakon oak ta Faransa, mai cin lita 228, kwalba wajen 300 ke nan, ta yi watanni. Duk wannan a cikin kuɗin kwalbar yake.

Bambancin rubutun kuwa doka ce. A Amurka, in an sa sunan irin inabi a kwalba, dole kashi 75 cikin ɗari ya zama shi ne. In an sa sunan keɓaɓɓen yanki irin Sonoma Coast, dole kashi 85 na inabin daga can ya fito. Wadda aka rubuta California kawai, inabinta zai iya fitowa daga ko'ina a jihar, har da kwarin tsakiya mai zafi inda ake noma da yawa da araha. Ga wani abin da ko baƙin naka ba duka suka sani ba: yankin Sonoma Coast da aka shata a 1987 faɗi gare shi sosai, ya haɗa da wuraren da suka yi nisa da teku. Shi ya sa manoman bakin gaɓar suka nemi nasu sunan, aka ba su West Sonoma Coast a 2022.

In baƙo ya tambaye ka, jimla biyu sun isa: wannan daga bakin teku mai sanyi take, gonar kaɗan take bayarwa, launinta bai yi duhu ba, ba ta da bauri sosai, tana da ɗan tsami da ƙamshin 'ya'yan itace ja. Kada ka ƙara da abin da ba ka sani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ma'ajiyarku. Irin wannan kwalba wurin da bai wuce maki 12 zuwa 14 na ma'aunin zafi ba take so, kwance, ba hasken rana. Ka tuna ta riga ta sha zaman kwantena a tashar jirgin ruwa, ta sha hanyar Legas zuwa Abuja. In kuma aka jingine ta a kanta kusa da kicin, ta dahu. Ka duba toshiyar bakin: in ta turo sama, ko ka ga sawun ja ya bushe a wuyan kwalbar, kada ka kai wa baƙo, ka nuna wa manaja tun kafin a buɗe a ce kai ka ɓata.

Tambaya: Kawu, na ji an ce jar giyar inabi, musamman Pinot Noir, tana ƙara jini tana kuma wanke zuciya. In don magani ne, kofi ɗaya da dare ai ba laifi ko?

Amsa: Malam, kai ma ka san amsar, ƙofa kake nema. Jan launi ba jini ba ne. Sinadarin da ake ta yayatawa, resveratrol, ɗan mitsitsi ne a cikin kofi, kuma yana nan a fatar inabin da ake ci, yana nan a gyaɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a watan Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, hukumarta mai binciken sankara kuma tun 1988 ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke jawo cutar. In jininka ya yi ƙasa je asibiti a auna, a gano dalili, ka ci hanta da zogale da wake. In zuciya ce, rage gishiri da maggi, ka riƙa taka ƙasa da ƙafarka. Kada ka sake kawo mini wannan.

Tambaya: Kawu, Allah ya ƙara girma. Ina aurar da 'yata ta fari wata mai zuwa. Dangin ango masu hali ne, ba na son a raina mu a wajen dina. Wani ya kawo mini samfurin kwalba mai kyau, da takardar zinariya a wuya, an rubuta Pinot Noir, ya ce babu giya ko ɗigo, daga waje take, kuma zai ba ni katan ashirin a rabin kuɗin wadda aka saba saye. Ya ce kwastan ne suka yi gwanjo. In karɓa?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Kada ki karɓa. Zauna ki ji dalili, don wannan maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Da farko, abin da muke kira ruwan inabin biki kala uku ne, mu kuwa mun haɗa su duka a suna ɗaya. Akwai ruwan inabi na gaskiya, wanda aka matse aka dafa shi sama-sama don kada ya tsimu, aka sa masa gas. Wannan bai taɓa zama giya ba. Akwai wanda ruwa ne da sukari da kala da ƙamshi, sai ɗan ruwan inabi kaɗan don a samu abin rubutawa. Shi ma ba giya ba ne, amma lemon kwalba ne aka sa wa babbar riga, kike biyan kuɗin rigar. Ki karanta jerin kayan haɗin a bayan kwalbar, abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. Na ukun shi ne wanda aka yi giya sosai, ta tsimu ta gama, sannan aka zare barasar da inji. A jikinsa za ki ga an rubuta de-alcoholised ko alcohol removed, kuma dokar Tarayyar Turai ta yarda a bar har rabin kashi ɗaya cikin ɗari a ciki. Mafi yawan kwalaben da ke ɗauke da sunan irin inabi kamar Pinot Noir suna cewa babu barasa, wannan na ukun ne. Malamai da dama ba su yarda da shi ba saboda asalinsa, majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ma ta hana. Ke da za ki shayar da ɗaruruwan mutane, har da malaman da suka ɗaura auren, me zai kai ki shiga shubuha?

Wannan in kwalbar ta gaskiya ce ke nan. Ni kuwa ban yarda ta gaskiya ba ce. Inabin da na gama bayanin wahalar nomansa, a ƙara da kuɗin zare barasa, da jirgi, da kuɗin fito, da canjin dala na yau, a ce ya iso hannunki a rabin kuɗin wanda ake haɗawa a nan gida? Araha ba ta ado. Zancen gwanjon kwastan kuwa, duk wanda ya daɗe a kasuwa ya ji shi a kan shinkafa, ya ji shi a kan atamfa, ya ji shi a kan waya. In gaskiya ne ya kawo takarda.

Kada ki ɗauka jabu sai a kan talaka ko wanda bai yi boko ba. A 2010 wata kotu a garin Carcassonne na Faransa ta hukunta mutum 12 saboda sun sayar wa kamfanin Gallo na Amurka, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin giyar inabi na duniya, abin da ya kai kwalba miliyan 18 da sunan Pinot Noir, alhali wasu irin inabi ne masu araha. Ba ɗanɗano ne ya tona su ba, lissafi ne: masu bincike sun ga abin da ake fitarwa ya fi abin da yankin ke nomawa. Akwai kuma Rudy Kurniawan, ɗan Indonesiya da yake zaune a Kalifoniya a lokacin, wanda ya riƙa haɗa giya a gidansa yana ɗurawa a tsofaffin kwalabe yana sayar wa attajirai da miliyoyin daloli. A 2008 ya kai gwanjo wasu kwalaben gidan Ponsot na Burgundy masu ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971, mai gidan ya taso ya ce su ba su fara yin wannan samfurin ba sai 1982. An kama shi a 2012, aka yanke masa shekara 10. To, in masu ɗakin gwaji da ƙwararrun ɗanɗano sun sha jabu, ina ga ni da ke da muke duba ƙyallin takarda?

Namu na gida ya fi muni, don can kuɗi aka cuta, nan rai ake taɓawa. A watan Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar Eziukwu da ke Aba, wadda ake kira kasuwar maƙabarta, inda ta tarar da shaguna sama da 240 an mayar da su wurin haɗa abin sha na jabu. Ruwa mara tsabta, sakarin, kala, tsofaffin kwalabe da aka tsinto, da takardun da aka kwaikwaya. Har kayan da wa'adinsu ya ƙare ake sake wa kwanan wata. Kayan nan ba a Aba suke tsayawa ba, mota suke hawa. Mu a Kano ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da gurɓataccen abin sha ke yi. A 2021, dab da azumi, garin lemo da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami sun kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu suna fitsarin jini, wasu suka rasu.

Ina tsofaffin kwalaben nan suke fitowa? Daga wajen bikinmu. A tashi daga dina ƙarfe goma sha ɗaya, kowa ya kama gabansa, kafin gari ya waye yara da 'yan jari-bola sun kwashe kwalabe cikin buhu, da takardarsu lafiya lau, wasu har da murfinsu. Akwai mai saye, kuma ya fi son wadda takardarta ba ta yage ba. Kin san dalili. Mu muke ba su jari, mu kuma muke dawowa mu saya. Shekara da shekaru ina roƙon masu ɗakunan taro da masu girkin biki: kafin a zubar da kwalba a sa wuƙa a keta takardar, a raba ta da murfinta. Aikin minti nawa ne? Amma an fi damuwa da wa ya ɗauki hoton kek.

In dai sai kin sayi na kwalba, je da ƙafarki wurin babban dila mai shago da adireshi, wanda in an samu matsala za ki same shi gobe. Kada ki aiki yaro, kada ki saya a but ɗin mota. Ke za ki nuna katan ɗin da za a buɗe, ba wanda ya ajiye a sama ba. Fito da kwalba shida ki jera: ruwan ciki ya tsaya a layi ɗaya, don inji ba ya cika wata ya rage wata. Ɗaga ta a hasken rana ki ga ko akwai datti ko wani abu na yawo. Shafa takardar, in ta karkace ko gam ya fito ta gefe, ajiye. Lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi su zama bugun inji, kuma na jikin kwalba su yi daidai da na jikin katan. Lambar NAFDAC ta zama tana nan, amma kada ki dogara da ita kaɗai, mai kwaikwayon takarda ba zai manta da lamba ba. Sannan ki biya kuɗin ɗaya a buɗe a gabanki ki ɗanɗana. In zaƙin ya bar miki ɗaci-ɗaci a maƙogwaro, ko kala ta kama harshenki, kin samu amsa. Ki karɓi rasit.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ba ki tambaya ba. Katan ashirin na mene ne? Kwalba ɗaya mililita 750 ce, kofi biyar ko shida. Na sha ganin yadda ake yi da su: a girgiza, a fasa, kumfa ta zube a kan leshi, a kurɓa sau biyu a bar saura a tebur. Rabin kuɗinki a ƙasa zai ƙare. Kuma ruwan inabi, ko na gaskiyar, sukarinsa ya kai na lemon kwalba ko ya fi, ga tebur cike da dattawa masu ciwon suga. Kuɗin katan ashirin a yau, kin fi ni sanin abin da zai saya a kayan ɗakin yarinyar nan, ko buhu nawa na abinci zai ajiye mata a sito.

Ki sayi katan biyu ko uku na gaskiya don teburin ango da amarya da manyan baƙi. Sauran jama'a ki sa a dafa musu zoɓo mai kyau da citta da kanumfari da abarba, a yi kunun aya, a yi lemon tsamiya, a gidanki, da ruwan da kika yarda da shi, a zuba a jug masu kyau da ƙanƙara. Zoɓon da muke rainawa shi ake lodawa daga Jigawa da Kano zuwa Meziko, can suna sha da alfahari. Dangin ango da za su raina ki don kin ba su abin sha mai tsabta, ko kin jera katan ɗari za su sami abin faɗa. Abin da ba za a manta ba shi ne a ce an tashi daga bikin 'yarki an wuce asibiti.

Tambaya: Kawu, ina da fili a wajen Zariya da rijiyar burtsatse. Na karanta cewa an taɓa sayar da kwalbar Pinot Noir ɗaya da kuɗin da ya fi na gida. Ina zan sami irin in dasa?

Amsa: Abin da ka karanta gaskiya ne. A 2018 an sayar da kwalba ɗaya ta Romanée-Conti ta shekarar 1945 a kan dala 558,000 a wani gwanjo a New York. Amma ba inabin aka biya ba, sunan wata 'yar gona ce da ba ta kai hekta biyu ba, da tsufan kwalbar, da ƙarancinta. Kai ba abin da zai iso gare ka daga wannan.

Alhaji, inabin da ke neman hazon teku da dare mai sanyi, me zai yi da zafin watan Maris da Afrilu a Zariya? Damina kuma ta zo ta ruɓar da shi, tunda na ce 'ya'yansa a matse suke. Ko ya yi, ƙanana ne, cike da ƙwallo, ba mai sayensu a tire. Mai sayensu ɗaya ne, mai yin giya, kai kuma ka san hukuncin sayar wa wanda ka tabbata abin da zai yi ke nan.

Inabin ci kuwa ana noma shi a kusa da kai. Je ƙaramar hukumar Kudan ka ga gonakin da idonka, ka zauna da manoman, ka tambaye su irin da ya karɓi ƙasar, da lokacin da suke yi wa kuranga aski don 'ya'yan su nuna da rani, da abin da suke kashewa a kan turaku da waya da maganin feshi. Rumfar da kurangar za ta hau ita ce ke cin jari, ba irin ba. Fara da layi kaɗan. Kuma kada ka tura wa kowa kuɗin dashe ta waya saboda ka ga hoto a Facebook.

Tambaya: Kawu, mun buɗe kwalbar ruwan inabi ranar suna, saura rabi, ba mu da wuta. Bayan kwana uku na ga tana kumfa, ɗanɗanon ya canja. A ba yara?

Amsa: A'a, 'yata, zubar. Ruwa mai sukari in an buɗe shi aka bar shi a zafi, yis ɗin da ke cikin iska na shiga ya fara cin sukarin, abin da yake fitarwa kuma gas ne da barasa. Kumfar da kika gani ke nan. Haka zoɓo da kunun aya suke yi, kunun aya ma ya fi saurin juyawa. In babu firji, abin da aka buɗe a shanye shi a ranar, in ya yi yawa a miƙa wa maƙwabta tun da sauran sanyinsa. Gaba in za ki saya don gida, ɗauki ƙananan kwali maimakon babbar kwalba.